Ku Taka Feda, Ma'aikata: Dazuzzukan Ingila Naku Ne!

Sannunku da aiki, 'yan uwa masu neman halak a ƙasar Ingila! Sannu malamar jinya mai kwana tsaye a asibiti. Sannu mai kula da tsofaffi, sannu direban bas, sannu mai jigilar kaya a sito, sannu ɗalibin da ke fitowa daga aji ya zarce wurin aiki. Kun san sanyin asuba, kun san duhun da ke rufe gari tun ƙarfe 4 na yamma a hunturu, kun san nauyin kuɗin haya da na aike gida. Duk kun ɗauka, gwiwarku ba ta taɓa ƙasa ba. To, jikin da ya yi wannan ɗawainiya yana da haƙƙi a kanku. Ranar hutu ta zo? Ku fito da keke, ku nufi daji!

Kada kowa ya ce muku hawan keke a tsauni wasan 'yan gata ne, ko kuwa sai ƙwararru. Hukumar gandun daji ta Ingila ta yi wa hanyoyinta alama da launi, don kowa ya san inda ƙarfinsa ya kai. Kore na mai koyo ne da iyalinsa. Shuɗi na wanda hannunsa ya fara faɗawa. Ja na wanda ya san lokacin kama birki da lokacin canja giya. Baƙi kuwa fagen gwanaye ne. Da rarrafe yaro ke tashi. Wane ne a cikinku bai fara aiki yana sabon shiga ba, ga shi yau shi ake tambaya?

Mai farawa ya nufi hanyar Monsal da ke yankin Peak District, tsakanin Manchesta da Sheffield. Tsawonta mil 8 da rabi, shimfiɗaɗɗiya, babu mota ko ɗaya, ga masu ba da hayar keke a bakin hanya. Me ya sa ta miƙe sumul a tsakiyar tsaunuka? Saboda tsohon layin dogo ne da aka buɗe a 1863. Leburori ne suka fasa dutse da diga da shebur da albarushi, suka huda tsauni, suka ɗora doguwar gadar Headstone a kan kwari. Jirgi ya daina bi a 1968, amma aikin hannunsu bai mutu ba. A 2011 aka sake buɗe ramuka 4 na cikin dutsen, aka sa musu fitilu. Yau yaro da kakarsa suna ratsa su a kan keke. Idan kun shiga ramin nan, ku tuna gumin ma'aikaci irinku ne ya share muku hanya. Ku taka da alfahari!

Ƙafa ta fara ƙwari? Sai dajin Dean, kusa da iyakar Wales. Ƙasar mahaƙa kwal ce. Akwai hanyar iyali mai kimanin mil 9 wadda ta bi tsofaffin layukan da ake kwaso kwal a kansu. Daga nan sai hanyar Verderers mai alamar shuɗi, wajen mil 7, mai hawa da gangara da kwanoni masu daɗin sha. A can ne za ku koyi tashi daga sirdi, ku sassauta gwiwa, ku bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinku. Ita kuwa jar hanyar dajin, Freeminers, sunan mahaƙan yankin ta ci. Tsohuwar al'adarsu ta ce ɗan yankin da ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya yana aiki a ramin haƙa ya sami ikon buɗe ramin kansa. Kun ji! Ka yi wa wani aiki, ka ƙware, ka tsaya da ƙafarka. Ashe ba burin kowannenku ke nan ba?

Mazauna Birmingham, ku kam ba ku da uzuri. Ga dajin Cannock Chase nan arewa da ku. Jar hanyarsa mai suna Follow the Dog ta kai kusan mil 7 na saiwoyi da duwatsu da taɓo, wanda bai ƙoshi ba kuma ya ƙara da Monkey Trail. Ku san wani abu: 'yan sa kai na ƙungiyar Chase Trails ne suka gina waɗannan hanyoyi, su ne kuma ke gyara su. Mutane ne masu ayyukansu, sai ranar hutu su ɗauki shebur da baro su shiga daji, ba don albashi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan dajin aka yi tseren keken tsauni na gasar ƙasashe renon Ingila a 2022. Inda zakaru suka fafata, ku ma ƙofa a buɗe take.

Mai neman gwada ƙashinsa ya haura arewa. Dajin Dalby a Yorkshire ta Arewa yana da jar hanya da ta haura mil 20, ya kuma karɓi gasar cin kofin duniya ta keken tsauni a 2010 da 2011. Whinlatter a yankin tafkuna yana da hanyar Altura, mil 12 na hawan da ke sa cinya zafi, sai ka kai ƙololuwa ka hangi tafki a ƙasa ka manta gajiya. Masu dogon numfashi kuwa, ga South Downs Way a kudu, mil 100 cur daga Winchester zuwa Eastbourne. Wasu kan raba ta kwana 3, wasu jarumai kan cinye ta a yini guda. Kuna jin ta fi ƙarfinku? Wanda ya iya tsayuwar awa 12 a bakin aiki, wane tudu ne zai ba shi tsoro?

Za a faɗi, za a sha taɓo, taya za ta yi faci. Ku dubi Tom Pidcock, ɗan Leeds. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 tayarsa ta yi faci yana kan gaba, abokan karawa suka wuce suka bar shi. Aka sauya masa taya, ya hau, ya dinga kamo su ɗaya bayan ɗaya, har ya ci zinare karo na biyu a jere. Wannan labari kun san shi tun kafin ku ji, domin kun sha rasa aiki ku sami wani, kun sha faɗuwa jarrabawa ku sake zama ku ci.

Doka ma tana bayanku. Tun 1968 aka halatta wa mai keke bin hanyoyin dawakai na karkara, waɗanda suke kamar burtali a wurinmu, da sharaɗin ya ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya. Kuɗin keke ne matsala? Ku tambayi wurin aikinku tsarin Cycle to Work, wanda aka kafa a 1999, inda ake cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi tare da sauƙin haraji. Ku sa hular kwano, ku ɗauki famfo da kayan faci da ruwan sha, ku duba birki kafin ku tashi, ku rufe ƙofar gonar da kuka buɗe, ku gaida duk wanda kuka tarar.

Ɗan uwa, kira abokin aikinka. 'Yar uwa, tattara ƙawayenki da yaranki, hanyar taki ce ke ma. Ku sa rana yau ɗin nan. Ku fara da kore wannan watan, ku shiga shuɗi kafin bazara ta wuce, ku ɗaura ɗamarar ja baɗi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ku hau, ku taka, ku haye tudun nan!