Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo



Yanzu da damina ta ja baya aka fara shigar da amfanin gona, lokaci ya yi kuma da ƙananan hukumomi suke zama domin tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa. A cikin 'yan makonnin nan ne za a rubuta inda za a yanka sababbin filaye, da hanyar da za a gyara, da unguwar da za a haƙa wa rijiyar burtsatse, da wadda za a ce ta yi haƙuri sai baɗi. Yawancinmu ba za mu ji labari ba sai ranar da muka ga an kafa allo a bakin hanya, ko kuwa an shafa jan fenti a bangon gidan wani. Saboda haka muka ga ya dace mu yi tunani tare a kan wannan al'amari, mu duba shi da hasken Maganar Allah, tun kafin a sa hannu a takardu.

Bari mu fara da Littafin Nehemiya. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Ubangijinmu, Nehemiya yana hidima a fadar sarkin Farisa, sai labari ya iske shi cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta kuma an ƙone su. Ya roƙi izini, sarki ya ba shi, har da wasiƙu zuwa ga gwamnoni, da katako daga kurmin sarki, da mahaya masu rakiya. Wato a harshenmu na yau, ya zo da takardar amincewa, da kayan aiki, da jami'an tsaro. Ba abin da zai hana shi ya ɗauko magina daga wani wuri, ya gina garun yadda ya ga dama, ya kira maroƙa ranar buɗewa. Amma bai yi haka ba. Ya fita da dare ya zaga kangon da kansa, ya gani da idonsa, sa'an nan ya tara mutanen garin ya shimfiɗa musu maganar, sai da suka amsa da bakinsu kafin a ɗora dutse ɗaya.

Sura ta 3 ta littafin tana cikin wuraren da masu karatu sukan tsallake, domin sunaye ne jere, masu wuyar faɗi kuma. Muna roƙonku ku karanta ta a gida a wannan mako. Za ku tarar da babban firist da 'yan'uwansa suna aiki a Ƙofar Tumaki, ga maƙeran zinariya, ga masu haɗa turare, ga 'yan kasuwa, ga wani shugaban yanki mai suna Shallum da ya fito aiki tare da 'ya'yansa mata. Da yawa daga cikinsu an ba su sashen garun da ke fuskantar gidajensu ne. Hikimar a fili take: mutumin da ya san 'ya'yansa za su kwana a bayan wannan bango, ba zai rage kwaɓi ba. Marubucin bai kuma ɓoye sunan waɗanda suka noƙe ba, gama ya rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu, ko da yake talakawan garin sun gyara sashe har biyu. Cikin kwana 52 aka gama garun.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya faru ana tsakiyar aiki. Talakawa da matansu suka ɗaga murya, suka ce sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa da harajin sarki, har 'ya'yansu sun fara shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Wani shugaban da sai ya ce su yi shiru, ana aikin ƙasa, maƙiya na kallo. Nehemiya kuwa ya kira babban taro, ya sa masu kuɗi suka mayar da gonaki da gidaje, ya rantsar da su a gaban firistoci. Ya gane cewa garu ba shi da amfani ga wanda aka raba da ɗakin kwanansa.

To, mu dawo gida. Dattawanmu suna tune da shirin gidaje na zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. Niyyar mai kyau ce, kada mu rage mata daraja: gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, yawancinsu ciki da falo domin masu ƙaramin ƙarfi. Wasu daga cikin rukunan nan, waɗanda har yau muke kira Lokos, sun zama unguwanni masu rai, mutane sun haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsu. Amma adadin da aka gama bai ko kusanci wanda aka yi alkawari ba, kuma a wurare da dama an kai gidajen can bayan gari, inda babu hanya, babu ruwa, babu kasuwa. A wasu jihohin jayayyar siyasa tsakanin gwamna da gwamnatin tarayya ce ta sa aka ba da fili a daji. Gidajen suka yi shekaru babu kowa sai ƙadangaru da jemagu, ɓarayi suka kwashe ƙofofi da kwanon rufi. Zane iri ɗaya aka aika ko'ina, daga bakin teku har bakin hamada. Da an zauna da magidancinmu kafin a zana, da ya tambaya ina zaure, ina za a kafa rumbu, ina turken awaki, ina tsohuwarsa za ta kwana. Da an tambayi uwargida, da tambayarta ta farko ita ce nisan rijiya, ta biyu kuma ina madafa.

Ba sai mun je tarihi ba ma. A wani ƙauye da muka yi hidima a farkon firistancinmu, an wayi gari ƙaramar hukuma ta gina rumfunan kasuwa na siminti, masu kyan gani, a ƙetaren rafi. Aka yi bikin buɗewa, aka yanka ƙyalle, mu ma aka gayyace mu muka sa albarka. Da damina ta sauka rafin ya cika, ba mace mai kaya a ka da za ta iya ƙetarewa, sai kasuwa ta koma gindin tsamiyar da take ci tun kaka da kakanni. Shekara da shekaru matan ƙauyen suna roƙon kwalbati a kan rafin nan, domin a bakinsa masu naƙuda sukan kwana suna jiran ruwa ya janye kafin a kai su asibiti. Kuɗin da aka kashe a rumfunan ya isa ya yi kwalbatin. Ba mu ce an yi da mugunta ba. Ba a dai tambaya ba, mu kuma da muka yayyafa ruwa mai tsarki ba mu tambayi ko an tambaya ba.

Ikilisiya tana da koyarwa a kan wannan, ba kuwa sabuwa ba ce. A 1931 Paparoma Pius na 11, cikin wasiƙarsa mai suna Quadragesimo Anno, ya kafa ƙa'idar cewa rashin adalci ne babbar hukuma ta ƙwace abin da ƙaramar ƙungiya ko iyali za su iya yi da kansu. Aikin na sama shi ne ya tallafa, ba ya haɗiye ba. A 1987, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin marasa muhalli, Hukumar Adalci da Salama ta fadar Paparoma ta fitar da takarda a kan matsalar gidaje, ta ɗauke ta a matsayin batun haƙƙin ɗan Adam. Marigayi Paparoma Fransis kuma, cikin Laudato Si' a 2015, ya ce masu tsara birane da unguwanni su riƙa sauraron ra'ayin waɗanda za su zauna a cikinsu. Tushen duka ɗaya ne. Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, ya ba shi hankali da baki. Wanda ya gina wa talaka gida ba tare da ya ji ta bakinsa ba, ya ɗauke shi tamkar kaza ce da ake yi wa akurki.

Dokar ƙasa ma ba ta hana mu magana ba. Tun gyaran da aka yi wa tsarin ƙananan hukumomi a 1976, dalilin da aka bayar shi ne a kawo mulki kusa da jama'a, yau kuma muna da su 774. Tsarin Mulki na 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ya ɗora musu shiga cikin tsara bunƙasar yankinsu, ya kuma lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Dokar Filaye ta 1978 ta bar filayen birane a hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka irin na gargajiya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa a watannin da suka biyo baya. Amma ko da kowane kwabo ya iso sakatariya, idan jama'a ba su san abin da ya shigo ba, ba su kuma faɗi abin da suke so a yi da shi ba, wurin cin ne kawai ya matso kusa.

A nan ne maganar ta juyo kanmu, 'yan'uwa. Sau nawa aka yi shelar taro a sakatariya ko a ƙofar hakimi, muka ce mu gona za mu? A wasu jihohi, kamar Kaduna, an fito da tsarin da al'umma za ta rubuta bukatunta bi da bi ta miƙa kafin a haɗa kasafi. Takardar takan ƙare a hannun mutum uku ko huɗu, su cike ta a zauren wani, domin sauran ba su zo ba. Wasunmu sun karɓi sabulu da atamfa ranar zaɓe, saboda haka kunya ba ta barinsu su dubi kansila ido cikin ido. Wasu kuma sun ce siyasa ƙazanta ce, mai bi ba ruwansa. Wannan ba tsarki ba ne, halin manyan Tekowa ne. Wanda ya ƙi zuwa inda ake raba filaye ya bar gwauruwar da ke zaune kusa da shi a coci ba mai yi mata magana.

Idan kuma mun je, wa muke tafiya da shi? Sau da yawa abin da ake kira jin ra'ayin jama'a, jin ra'ayin masu gidaje ne, maza, 'yan asalin gari. Ɗan haya ba a kiransa, alhali shi ne rufi yake yi wa yoyo. Waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu suka raɓe a cikinmu, ba a lissafa su. Gurgu ba ya iya hawa matakalar zauren taron. Mata sukan zauna a baya, a ba su dama ana shirin tashi. Sa'an nan ga maƙwabtanmu Musulmi. Lambatun da ya toshe ba ya tambayar addinin gidan da zai shiga, kwalara ma haka. Idan muka je wurin ciyaman da takardarmu dabam, su ma da tasu dabam, mun ba shi hanyar da zai ce wa kowane ɓangare ɗayan ne ya hana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun fi so mu ga shugaban majalisar Ikilisiya da limamin unguwa da mai unguwa sun sa hannu a takarda ɗaya.

Kada kuma a ɗauka jin ta bakin jama'a yana nufin kowa zai sami abin da yake so. Injiniya ya san abin da mu ba mu sani ba. Idan ya ce fadamar nan hanyar ruwa ce, ba a gini a kanta, gaskiya ya faɗa, ko da kakanninmu ne suka share ta. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun koya wa garuruwa da yawa wannan darasi da hawaye. Abin da muke nema shi ne ya zo ya bayyana mana da harshen da muke ji, ya nuna mana taswira tun tana takarda, ya faɗi inda za a mai da waɗanda za a tasa da abin da za a biya su, ya kuma saurari dattijon da ya san iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa.

Mu firistoci ma ba mu kuɓuta ba. Akwai injin niƙa da aka saya wa mata da kuɗin taimako ba a tambaye su ba, yana nan ya yi tsatsa a bayan wata majami'a. Akwai gidan katikis da aka gina nesa da jama'arsa domin a nan Fada ya ga fili ya fi kyau. Ba mu da bakin gaya wa ƙaramar hukuma ta buɗe littattafanta idan namu a rufe suke, saboda haka daga bana za a riƙa karanta duk wani shirin gini a gaban jama'a kafin a haƙa harsashi.

Ga abin da muke roƙo a yi kafin shigowar lokacin Zuwan Ubangiji. Bayan Misa ta Lahadi biyu masu zuwa, kowace majami'a ta ƙauye da ta unguwa ta zauna, katikis ya jagoranta. A fara jin Zumuntar Mata da matasa da 'yan haya kafin dattawa su yi magana. A fitar da bukatu uku kacal, a jera su bisa ga gaggawarsu, a rubuta wurin da yawan gidajen da abin ya shafa. Daga nan wakilai su kai wa mai unguwa da limami, a daidaita, a sa hannu tare. Kwamitin Adalci, Ci Gaba da Salama zai taimaka wajen rubutu ga inda ake bukata. A yi kwafi uku, ɗaya ga kansila, ɗaya ga sakatariya, a tabbata an buga masa hatimin karɓa, ɗaya kuma a manna a ƙofar coci. Bayan Ista za mu sāke zama, mu gayyaci kansila, mu karanta takardar a gabansa layi bayan layi.