Sigarin Lantarki: Tuba Ne Ko Sauya Sheƙa?

A shekarar 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera sigarin lantarki. Shi kansa mashayin taba ne, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa.

Wanda ya ajiye karan sigari ya rungumi na'urar yakan sha fama a makon farko: tari ya sarƙe shi, maƙogwaro ya bushe, hannu na lalubar ashana a aljihu. Babu toka, babu warin da ke kama riga, amma nikotin na nan daram.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa illar sigarin lantarki ta gaza ta taba da kusan kashi 95 cikin ɗari. A ɓangaren malaman addini, masu sassauci na kafa hujja da ƙa'idar fiƙihu ta zaɓar mafi sauƙin cuta biyu, muddin tsani ne na dainawa. Masu tsanantawa na cewa ƙaramar cuta ma cuta ce, ga ɓarnar dukiya. Majalisar Fatawa ta Malesiya ta haramta shi a 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indunusiya ta bi sahu a 2020.

Shi kuwa Hon Lik, shekaru bayan ƙirƙirarsa, haɗa taba da sigarin lantarkin ya ci gaba da yi.