Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Amsar Kuɗi



'Yan uwa, yau tambaya ce zan ajiye mana mu tauna tare. Idan doka ita kanta da zalunci a cikinta, sai mutum ya sa hannu ya ce ya yarda da ita, sannan ya zagaya ta bayan gida ya karya ta, me za mu kira shi? Maha'inci, ko mai ƙwatar haƙƙi? Misalin da zan kawo daga nesa yake, daga jami'o'in Amurka da harkar wasanninsu, saboda a can wannan tambayar ta fito fili ƙarara, da sunaye da shekaru da hukuncin kotu.

Ga yadda abin yake. A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa, musamman ƙwallon kwando da zari-ruga irin tasu, kuma dubban mutane ke cika fili don kallo. Hukumar da ke kula da harkar ana ce mata NCAA. An kafa ta a 1906, bayan da matasa suka yi ta mutuwa a filin zari-ruga har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa baki. Yau makarantu wajen 1,100 ne a ƙarƙashinta. Cinikin kuwa shi ne: yaro ya buga wa jami'a wasa, ita kuma ta ɗauke masa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Shekara da shekaru dokar ta ce iyakarsa ke nan. A wancan lokacin ko sisi bai halatta ya karɓa a kan wasansa ba, daga jami'ar ne ko daga attajiran da ke goya mata baya.

Neman yaran ma da ƙa'ida. Akwai shekarun da koci bai isa ya fara tuntuɓar yaro ba. Akwai ranakun da aka hana haɗuwa ido da ido sam. In jami'a ta gayyaci yaro ziyara da kuɗinta, an ƙayyade mata tsawon lokacin ziyarar. Mu yi wa dokokin nan adalci, akwai hikima a cikinsu. Yaro ɗan shekara goma sha shida, ɗan talaka, manya masu kuɗi sun yi masa caa, kowa da daɗin bakinsa. In ba a sa shinge ba, gwanjonsa za a yi kamar rago a jajibirin sallah.

To amma ku dubi ɗaya gefen. A 2010 NCAA ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi kocin jami'a ne. Nick Saban na Alabama ya kai yana ɗaukar sama da dala miliyan 11 a shekara. Su kuwa masu gumin? A 2014 Shabazz Napier na jami'ar Connecticut, wanda ƙungiyarsa ta ci kofin ƙasa a shekarar, ya faɗa wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa. Cikin watan Afrilun shekarar hukumar ta janye iyakar da ta sa wa abincin da ake ba 'yan wasa. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Har sunan da ake kiransu da shi yana da tarihi. Walter Byers, babban daraktan hukumar na farko, shi da kansa ya bayyana daga baya cewa sun ƙirƙiro laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" ne don kada kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata, a ce a biya su diyya in sun ji rauni. A 1955 wani matashi, Ray Dennison, ya rasu sakamakon bugun da ya samu a ka yana buga wa wata kwaleji wasa a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta ce ba ma'aikaci ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu ya san wannan, hila ce: a canza wa abu suna don a kuɓuce wa hukuncinsa. Alhali canza suna ba ya canza haƙiƙa. Wanda aka ɗauka don ya yi aiki, aka sa masa lokacin zuwa da na tashi, ake iya janye masa tallafi (daga 1973 har zuwa 2012 na shekara ɗaiɗai ake bayarwa, sai an sabunta), ko me ka kira shi, yana da haƙƙin ɗan ƙwadago.

Tunda haka ne, sai mu ce duk wanda ya karya dokar ya yi daidai? A'a, a nan ne ake buƙatar natsuwa. Abin da hukumar ke tarawa ta kira saɓa ƙa'ida, in ka zuba shi a faifai ka sheƙe, kashi uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba.

Kashi na farko, yaron da ya karɓi ɗan abin da ba na kowa ba. A 2010 an dakatar da 'yan wasa biyar na jami'ar Ohio State wasa biyar-biyar, babban laifinsu shi ne sun sayar da zobba da riguna da kyaututtukan da aka ba su. Kayansu ne fa, mallakinsu. Gaskiya ne sun saɓa sharaɗin da suka sa wa hannu, kuma cika sharaɗi ba abin wasa ba ne. Amma ba su ci dukiyar kowa ba, kuma sharaɗin da mai ƙarfi ya gindaya wa yaron da ba shi da wata ƙofa, zarginsa ya fi komawa kan wanda ya gindaya.

Kashi na biyu, manya da ke sayen yara a ɓoye. Jami'ar SMU da ke Dallas ita ce zakaran gwajin dafi. An kama ta, an yi mata gargaɗi, amma attajiranta suka ci gaba da biya: 'yan wasa 13 sun karɓi kimanin dala 61,000 a ɓoye. A 1987 aka soke mata kakar wasa ɗungurungum, ta 1988 ma ba ta iya fitowa ba. Abin mamaki, gwamnan Texas na lokacin, Bill Clements, wanda ya shugabanci majalisar gudanarwar jami'ar, ya amsa cewa da saninsu aka ci gaba da biyan, wai don an riga an yi wa yaran alkawari. Kun ji fa! Ya tuna alkawarin da aka ƙulla a duhu, ya manta wanda jami'arsa ta ɗauka da rana tsaka gaban sauran makarantu. Haka a 2017 binciken 'yan sandan FBI ya tono yadda wani jami'in kamfanin Adidas, Jim Gatto, da abokansa suka shirya ba iyalin wani yaro dala 100,000 don ya zaɓi jami'ar Louisville. An same shi da laifi a 2018.

Wani zai ce, ai kuɗin aljihun talaka suka shiga, ina laifi? Laifin a nan yake. Wanda ya biya bai biya don tausayi ba. Da tausayi ne, da yaron da ke zaune a benci ma ya samu. Ya biya ne don ya ci gasa da abin da ya hana abokin karawarsa, alhali duk sun zauna sun amince babu mai yi. Makarantar da ta riƙe amana ita ta sha kashi. Sannan ya koya wa yaro, tun bai mallaki hankalinsa ba, cewa ana sa hannu a takarda a rantse a kan ƙarya kuma a kwana lafiya. Sannan ya riƙe shi da sirri, domin wanda ka ba kuɗin ɓoye ka sa masa takunkumi, ba zai iya ɗaga murya ba ko an cuce shi. Kuma abin da ya fi komai: manyan nan suna da kujera a inda ake yin dokar. In sun ga zalunci ce, me ya hana su miƙe su ce a canza? Sun fi son ta zauna daram ta ɗaure kowa, su kaɗai su san hanyar tsallake katanga.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi tayar min da hankali. A jami'ar North Carolina, daga 1993 zuwa 2011, shekara 18, an yi ta yin wasu darussa na bogi: babu aji, babu malamin da ke koyarwa, ka miƙa takarda guda a ƙarshen zango, wata ma'aikaciyar ofis ta ba ka maki mai kyau. Binciken da jami'ar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2014, ya nuna ɗalibai wajen 3,100 ne suka bi ta nan, kusan rabinsu 'yan wasa. Ku tsaya ku yi tunani. An ce wa yaro ba za a biya shi kuɗi ba saboda ilimi ne ladansa. Sai ga shi ilimin ma jabu aka ba shi. Kamar ka sa mutum noma shekara huɗu, ranar biya ka miƙa masa buhu cike da ƙaiƙayi. Kuma lissafin hukumar da kanta ya nuna waɗanda ke samun shiga wasan ƙwararru bayan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran fa, da me za su fita? To a 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta jami'ar a kan darussan ba, hujjarta wai ɗaliban da ba 'yan wasa ba su ma sun amfana, saboda haka ba wata alfarma ce ta musamman ba. Wato yaro ya sayar da zobensa an dakatar da shi, jami'a ta yi shekara 18 tana raba makin ƙarya ta fita fes.

Ko inda aka yi hukuncin ma, kan wa yake sauka? Reggie Bush ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a 2005, ya bar jami'ar USC ya shiga wasan ƙwararru. A 2010 aka yanke cewa shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da alfarma daga dillalai. Aka hana ƙungiyar wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka rage mata guraben tallafin karatu 30. Kocin ya riga ya kama wani aiki watanni kaɗan kafin nan. Su wa suka ɗanɗana? Yaran da suke sakandare lokacin da aka yi laifin, da wasu talatin da ba su samu gurbi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Asalin adalci kuwa, a shari'armu da duk hankali lafiyayye, shi ne ba a ɗora wa wani laifin wani.

Yanzu ga amsar tambayarmu, kuma tarihin ne da kansa ya ba da ita. Shekara da shekaru ana miƙa ambulan a ɓoye, dokar ba ta motsa ko taku ɗaya ba, sai ma ƙara kauri da littafinta ya yi. Wanda ya girgiza ta shi ne Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan UCLA, da ya ga an sa siffarsa a wasan kwamfuta ana sayarwa ba a ba shi ko kwabo ba. A 2009 ya shigar da ƙara da sunansa, a bainar jama'a. Wasu suka biyo baya. A watan Yunin 2021 alƙalan kotun ƙolin Amurka su tara, babu wanda ya saɓa, suka yanke hukunci a kan NCAA game da iyakance tallafin da ya shafi karatu. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka bar 'yan wasa su ci kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2024 aka mayar wa Reggie Bush kyautarsa. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, aka kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mai karya doka a ɓoye kansa kaɗai yake fitarwa, ya bar sauran a ɗaure. Mai fitowa fili ya ce wannan zalunci ne, ya ɗauki wahalar shari'a, shi ne ya kwance wa kowa. Zaluncin doka hujja ce ta yaƙar ta da gaskiya, bai taɓa zama lasisin ƙarya ba.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi jami'ar Houston a 1980, ya zama na ɗaya da aka zaɓa zuwa gasar NBA a 1984, kuma tun daga nan idon masu farautar 'yan wasa yake kan yaran Afirka. Inda muke yin tuntuɓe shi ne shekaru da takardu. A 2016, 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin shekaru ana dab da karawa da Nijar. Uzurin da ake kawowa ɗaya ne da na attajiran Dallas: kowa ma yana yi, kuma taimakon yaro ne. Amma duk ƙaton da aka aske wa shekaru, akwai wani yaro na gaskiya da aka ture daga layi, wanda ba za mu taɓa jin sunansa ba.

Saboda haka iyaye, in wani ya zo ya ce zai kai ɗanku waje ta hanyar wasa, ku tambaye shi: wace makaranta, me yaron zai karanta, in ya karye a fili tallafin zai ci gaba ko a'a, kuma shi mai kawo maganar me zai samu? In ya ce sai an gyara takardar haihuwa ko sakamakon jarrabawa, ku sallame shi da girma da arziki. Ku kuma matasa, ƙafa da gwiwa suna da wa'adi, abin da ka zuba a kai shi ne naka.

Allah Ya tsare mu daga cin gumin wani, Ya ba mu ƙarfin faɗar gaskiya a fili. Wallahu a'alam.