Mukullin Ɗakin Alhaji Mudi

Duk wanda ya saba bi ta Bata da daddare a Kano ya san teburin Malam Garba mai shayi. Ba wani babban tebur ba ne: tukunyar shayi a kan gawayi, gwangwanayen madara, burodi, kiret ɗin ƙwai, sai ɗan farantin sigari a gefe. Idan zai tashi wajen ƙarfe 1 na dare, yakan kifa benci biyu ya ɗaure su da sarƙa, na ukun kuwa ya bar shi yadda yake, don ya san akwai mai kwana a kai.

Sunan mai kwanan Isuhu. Tela ne, kuma ba tela na wasa ba. Kafin gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, yana da shago da kekunan ɗinki biyu da yaro mai koyo. Wuta ta tafi da kekunan, ta haɗa da yadukan mutane da ke hannunsa. Masu kaya sun yi masa jaje, sannan suka nemi kuɗinsu. Daga nan al'amari ya yi ta gangarowa. Haya ta gagara, matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta a Gezawa, shi kuma ya fara kwana a shagon aboki, daga can sai barandar mutane, daga baranda sai bencin mai shayi.

Ba don daɗi ya fara shan giya ba. Wanda bai taɓa kwana a titi cikin hunturu ba, bai san tsawon dare ba. Ga sanyi, ga sauro, ga tsoron a yanke maka aljihu, ga tunani. Giyar leda kuwa tana da araha, tana shiga aljihu ba a gani, idan ya kora biyu ko uku sai barci ya ɗauke shi. Da rana kuma sigari ke riƙe masa ciki, domin kara ɗaya bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara a Najeriya, amma kowa ya san a ina dokar ta tsaya. Malam Garba kansa kara-kara yake sayarwa, Isuhu kuma yana cikin masu saye, wani lokaci ma bashi.

Cikin masu shan shayin akwai Alhaji Mudi, mai shagon shadda a Kantin Kwari, gidansa a Fagge. Mutum ne mai hannun kyauta, amma ba ya son a ja masa magana. Wani dare ya ga Isuhu yana gyara wa wani ɗan dako aljihun wando da allura da zare, ya tsaya yana kallon yadda ɗinkin ke tafiya a jere.

"Kai, da wannan hannun kake kwana a benci? Ba ka jin kunyar Allah?"

Isuhu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina ji, ranka ya daɗe."

"To saurara. Ina da ɗaki a zauren gidana, babu kowa ciki sai buhunan gawayi. Zan ba ka, in saya maka keke. Sharaɗi guda: ka dafa Alƙur'ani ka rantse daga yau kai da giya da sigari har abada."

Malam Garba ya so ya ce wani abu, sai ya ga maganar alheri ce, ya yi shiru ya ci gaba da kaɗa ƙwai. Ranar Juma'a bayan La'asar Isuhu ya yi wanka, ya yi alwala, ya rantse, da gaske kuma yake har zuciyarsa. Alhaji ya kai shi ɗakin, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma da bargo. Da zai fita sai ya ja ƙofa ya danna kwaɗo ta waje, ya jefa mukullin a aljihu. A ganinsa taimako ne, kada Shaiɗan ya ja shi zuwa Sabon Gari cikin dare. Yaron gida ne zai riƙa kai masa abinci.

Washegari hannun Isuhu ya kama rawa, har kofin ruwa ba ya iya kaiwa baki sai rabi ya zube. Gumi ya yi ta karyo masa, ga amai. Dare na biyu bai runtsa ba. A rana ta uku ya fara ihu wai macizai na saukowa daga bango. Mutanen gida suka ce ai iska ne, a nemo mai ruƙiyya. Yaron nan dai da ya leƙa ya ga mutum a ƙasa yana jijjiga, jini na fita a bakinsa inda ya ciji harshe, sai ya zura da gudu wurin mai shayi. Malam Garba ya bar wuta a kunne, ya tari A Daidaita Sahu, suka karɓi mukulli suka yi Asibitin Murtala da shi.

Likitar da ta karɓe su yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yar Malam Garba ba. Ta duba Isuhu, ta juyo.

"Baba, yana shan giya? Yaushe rabonsa da ita?"

Malam Garba ya daburce, don ba maganar da ake yi a gaban mutane ba ce. Daga baya ya ce, "Kwana uku ke nan, 'yata. Ya tuba, shi ya sa muka kulle shi."

Ba ta yi faɗa ba. Bayan an yi wa mara lafiya allura ya lafa, ta zaunar da dattijon ta yi masa bayani. Ta ce wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da giyar tana danne ta. Idan aka yanke farat ɗaya, jijiyoyi sai su zabura. Rawar hannu kan fara tun cikin kwana na farko, jijjiga kan zo cikin kwana biyu, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma gane-gane da ruɗewa, wannan kuwa yana iya kashe mutum. Shi ya sa irinsu a gaban ma'aikatan lafiya ake yaye su, a ba su maganin kwantar da jijiya a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da bitamin B1, domin mashayin da ba ya cin abinci sosai jikinsa kan rasa shi. Ta ƙara da cewa ɗumin da mashayi ke ji cikin sanyi ma yaudara ce, giya buɗe hanyoyin jinin fata take yi, zafin jiki ya fice.

Da labari ya kai wa Alhaji Mudi, hankalinsa ya tashi, amma bai sauka daga ra'ayinsa nan da nan ba. Bayan sallar Isha'i, a ƙofar masallacin unguwa, ya ce shi dai idan an sallamo shi gara a kai shi gidan mari, can ne ake gyara irinsu. Malam Garba, wanda bai taɓa musa wa Alhaji ba, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Ka manta gidan Rigasa a Kaduna? A 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Mu ma nan ai marin muka yi masa, sai dai namu da bargo."

Liman yana zaune yana jan carbi. Ya ce giya haramun ce, wannan babu ja a ciki. Amma ya tuna musu cewa haramcinta ma ba rana ɗaya ya sauka ba, daki-daki ya zo: aka fara nuna cutarta ta fi amfaninta, aka hana kusantar salla cikin maye, sannan aka hana ta gaba ɗaya. "Sahabbai ke nan, Alhaji. Balle tela mai kwana a benci."

Alhaji ya yi shiru. Da aka sallamo Isuhu, da hannunsa ya miƙa masa mukullin ɗakin, ya ce ya riƙe, ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Bai ƙara maganar rantsuwa ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da armashin da masu ba da labari ke so. An tura Isuhu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau don ya ci gaba da ganin likita, aka ba shi ranar Laraba. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba za shi ba. Malam Garba ya bar barcin safe ya raka shi har sai da ƙafarsa ta saba. Sannan dattijon ya lura cewa tsakanin Magariba da tsakar dare ne abin ke taso wa Isuhu, lokacin da ya saba ratsawa Sabon Gari. Sai ya ba shi aikin wankin kofuna da yankan burodi a daidai wannan lokaci, ladansa shayi mai kauri da Indomie da ƙwai. Mai ƙoshi, mai aiki a hannu, mai ɗakin komawa, ba kowane kira yake amsawa ba.

Sigari kuwa ba a taɓa ta ba sai da ya tsaya da ƙafarsa. Da lokacin ya yi, shi da kansa ya zaɓi ranar dainawa. An gaya masa a asibiti cewa kwana biyu zuwa uku na farko ne suka fi zafi, cikin 'yan makonni abin zai yi sauƙi, ƙwaɗayin kuma idan ya taso mintoci kaɗan yake yi ya wuce. Ya riƙa cika aljihu da asuwaki da goro da gyaɗa. Ya yi ta faɗa da mutane ba dalili, har ya fasa kofi biyu. Wani dare Malam Garba ya gan shi yana wanki amma idonsa na kan farantin sigari, tazarar kamu biyu da hancinsa. Washegari farantin bai fito ba. Direbobi uku suka koma teburin da ke tsallaken titi, ciniki ya ragu, matar Malam Garba ma sai da ta yi magana. Ya ce mata shekara nawa yana sayar wa mutumin nan abin da yanzu yake roƙonsa ya bari.

Ana cikin haka Babbar Salla ta zo. Isuhu ya ɗinka wa 'yarsa riga da aron keken wani, ya hau mota zuwa Gezawa. Surukinsa ya karɓi rigar a ƙofar gida, ya ce yarinya ba ta nan, alhali yana jin muryarta a tsakar gida. Ya dawo Kano bai biya ta Fagge ba. Kwana biyu ba a gan shi ba, a na uku Malam Garba ya tsince shi a ƙarƙashin gada yana warin giya.

Nan ne Alhaji Mudi ya fusata na gaske. "Na ba shi ɗaki, na biya asibiti, ga sakayyar! A karɓo mini mukullina."

"Ranka ya daɗe, watanni nawa ya yi bai sha ba?"

"Me ya dame ni da lissafi?"

"A'a, ai kai ɗan kasuwa ne. Wanda ya yi wata biyar yana cin riba, ya faɗi kwana biyu, rufe masa shago ake yi? Idan ka karɓe ɗakin, benci zai koma, kuma mun san abin da ake sha a kwana a benci."

Alhaji ya yi tsaki, ya shige gida. Mukulli dai bai karɓa ba. Da safe Isuhu ya zo ya durƙusa zai fara rantse-rantse, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar rantsuwa, ya tafi ya gaya wa likitansa abin da ya faru, kada ya ɓoye komai. A asibitin ba a yi mamaki ba. An ce masa zamewa na cikin hanyar, aka zauna da shi aka duba abin da ya jawo ta, aka kuma shawarce shi kada ya sake zuwa Gezawa shi kaɗai. Tafiya ta gaba da Liman aka yi, ya samu ya ga 'yarsa a zaure.

Keken da aka yi alkawari sai bayan nan ya zo, tsohuwar Butterfly ta hannu, kuma ba kyauta ba, Alhaji ya ce ya riƙa biya duk mako gwargwadon abin da ya samu. Isuhu ya kafa ta a ƙofar ɗakin. Ya fara da faci da rage tsawon wando, sannu a hankali tsofaffin masu kawo masa ɗinki suka ji labari. Sigari har yanzu takan ci shi sau ɗaya a wasu makonni, kuma yakan faɗa da bakinsa. Matarsa ba ta dawo ba tukuna, ana dai magana.

Gab da azumi Alhaji Mudi ya fito da shadda yadi goma ya ajiye masa a kan keke.

"Riga da wando da 'yar ciki. Ina son su ranar Laraba, zan tafi ɗaurin aure Zariya."

Isuhu ya warware shaddar, ya auna da ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, Laraba ina asibiti. Sai dai ka karɓa Talata da daddare, ko ka bari Alhamis."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. "To, Talatar," in ji shi. "Amma ka yi mini aljihu mai zurfi, na wancan telan waya ma ba ta zama."