Wa Zai Amsa Gayya?

Karatu: Nehemiya, sura 3 zuwa 6.

Mutanen ƙasar Karaye da Rogo sun san sansanin nan da ke kusa da dam ɗin Kusalla. Can a ke tara samari da 'yammata da suka gama manyan makarantu, aka turo su Jihar Kano domin bautar ƙasa. Sukan yi mako uku ana horonsu, sa'an nan a rarraba su cikin makarantu da asibitoci da ofisoshi har shekara ta cika. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa wannan shiri ran 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, domin ɗan Kudu shi zo shi zauna a Arewa, ɗan Arewa kuma shi je Kudu, su san juna. Amma wannan doka ce. Wanda sunansa ya fito, tilas shi tafi.

A 2016 kuma Gwamnati ta fito da wani shiri mai suna N-Power. A karo na fari ta ɗauki matasa 200,000, waɗansu su koyar a firamare, waɗansu su taimaka a asibiti, waɗansu wajen aikin gona. An kira su masu aikin sa kai, ana ba su Naira 30,000 kowane wata. A 2023 aka dakatar da shirin domin bincike, da yawa kuwa suka yi kukan ba a biya su na waɗansu watanni ba.

Mun gode wa Allah saboda kowane alheri da ya fito daga waɗannan. Yara da yawa sun sami malami ta wannan hanya. Amma mu lura. Abu biyu ne ke hannun Gwamnati, doka da kuɗi. Doka tana iya kai ƙafar mutum wurin aiki, kuɗi kuma yana iya tsai da shi can har ƙarshen wata. Amma zuciyar da ke aiki da yardar rai, ba a saye ta, ba a kuwa kamo ta da ɗan sanda. Wannan aikin Allah ne, a gida da Ekklesiya kuwa a ke renonta.

Aikin sa kai ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu suna ce da shi gayya. In aikin gona ya fi ƙarfin mutum, sai shi aika da goro. Gari na wayewa samari sun cika gona da garemaninsu, makaɗi yana kaɗa gangar noma, mata suna kawo fura. Kafin la'asar an tashi gonar. Haka a ke yi wa gwauruwa jinka, haka a ke yashe rijiya. Ba mai tambayar lada, gama kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau kuwa, kira samari su gyara kwalbatin da ruwa ya cinye, maganar fari da za ka ji ita ce, nawa za a ba mu? Abin baƙin ciki, har 'ya'yan Ekklesiya ma haka su ke cewa.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata babbar gayya. Nehemiya ma'aikacin gwamnati ne, mai shayar da sarkin Farisa. Ya zo Urushalima ya iske garun birni a rushe, ƙofofi sun ƙone. Ya kira jama'a, suka amsa, cikin kwana 52 suka gama ginin. Ga abu uku da za mu koya.

Na fari, kowa ya kama inda ya ke. Firistoci sun yi gini, maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'yan kasuwa sun yi. Wani shugaba mai suna Shallum ya fito da 'ya'yansa mata, suka yi tare. Da yawa kuwa sun gyara sashen da ke daura da gidansu. Kai saurayi, kada ka jira takarda daga Abuja. Dubi ƙofar gidanka. Ga hanyar kasuwa da damina ta yanke. Ga ajin makaranta da iska ta yaye wa kwano. Ga tsohuwa wadda ciyawa ta cinye mata masara. Ke budurwa da kika yi karatu, ga ƙannenki da ba su iya haɗa baƙi ba tukuna. Garunku ke nan.

Na biyu, Allah yana lura da wanda ya zo da wanda ya ƙi. An rubuta cewa talakawan Tekowa sun gyara sashe har biyu, amma manyansu sun ƙi sa hannu. Shekaru fiye da 2,400 ke nan ana karanta kunyarsu. Dattawan Ekklesiya, wannan magana tamu ce. Muna cewa yaran zamani ragwaye ne, amma yaushe rabon da su gan mu da shebur a hannu? In ba mu fita gaba ba, wa za su bi?

Na uku, Nehemiya bai gina garu a kan yunwar talakawa ba. Ana tsakiyar aiki matalauta suka yi kuka, sun jinginar da gonakinsu domin hatsi. Ya tara manya ya tsauta musu, suka mayar da gonakin. Shi kansa shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da a kan ba gwamna ba, mutum 150 kuwa suna ci a teburinsa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ba laifi ba ne saurayi shi karɓi alawus, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Laifi ne a yi masa alkawari a hana shi. Duk wanda aka ba amanar kuɗin matasa, a ofis ko a Ekklesiya, shi ji tsoron Allah, kada rijiya ta bayar guga ya hana. Mu ma in mun kira gayya, mu dafa tuwo.

Akwai kuma wani dalili. Muna zaune tare da maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya mu ke sha, hanya ɗaya mu ke bi zuwa kasuwa. Yawancinsu ba za su taɓa shiga majami'armu su ji wa'azi ba, amma suna ganin wanda ya ke fitowa ran aikin gari. In mai unguwa ya sa aka yi shela, bari samarinmu su riga kowa zuwa, su zama na ƙarshen tashi. Ɗan bautar ƙasa kuma da aka turo ƙauyenmu, ko Kirista ne ko Musulmi, baƙonmu ne. Mu ba shi ruwa, mu koya masa Hausa, mu kama masa aikin da ya ke so shi bar wa gari.

Ubangijinmu Yesu ba wanda ya tilasta masa, ba a kuwa biya shi ba. Da yardar ransa ya zo, ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ba da ransa dominmu. Ba domin mu sami ceto mu ke aiki ba, an riga an ba mu shi kyauta. Godiya ce mu ke yi da hannuwanmu.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar matasa ta zauna a wannan wata, ta zaɓi aiki guda cikin gari, ta je wurin mai unguwa ta sa rana. Dattawa su bi su, zumuntar mata kuma ta taimaka da abinci. Allah shi ba mu zuciyar yin aiki. Amin.