Kada Mu Kife Randa

'Yan'uwa cikin Kristi, wanda ya taɓa bin hanyar Dambatta zuwa ƙauyukan Makoda da rani ya san randar da akan ajiye a gindin itace, da moɗa a kanta. Mai randar ba ya tambayar sunan mai sha ko addininsa. In dare ya yi wa matafiyi, zauren mai unguwa na nan, da tuwo da tabarma.

Yau labarin masu garkuwa da mutane ya sa muna duban kowane baƙo da zargi. To, tsoro ya sauke mana nauyin taimako ke nan? A'a. Basamariyen da Ubangijinmu Yesu ya ba da misalinsa cikin Luka sura 10, a hanyar 'yan fashi ya tsaya, inda firist da Balawe suka ratse suka wuce.

Mu yi hattara, mu sanar da mai unguwa zuwan baƙo, amma kada mu kife randa. Gobe mu ne a hanya, wataƙila kuwa Musulmi ne zai miƙo mana moɗa. Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.