Sabon Inji, Tsohuwar Farfela

Mu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni ba mu da kogi, amma mun saba ganin bakanike a gefen titin Zariya ya sauke tsohon injin mota ya ɗora sabo, mai mota yana murna wai matsala ta ƙare. Masu kwale-kwalen inji a madatsun ruwan Tiga da Watari sun san wani abu da ya kamata mu ara, wato wanda ya sauya inji bai gama aiki ba sai ya duba farfela.

Dalili kuwa, kowane inji da iyakar juyawar da aka ƙera shi ya yi. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, alal misali, idan an sakar masa wuta duka ana so ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti guda. In fikafikan farfela sun cika karkata, suna ɗibar ruwa fiye da kima, sai inji ya yi ta nishi, ya ɗau zafi, ya tsufa da wuri. In kuwa ba su ɗiba sosai, sai ya yi ta kururuwa yana shan mai, jirgi na tafiyar hawainiya. A duka biyun inji ake zagi, an bar jaki ana dukan taiki.

To, me ya sa muke mance farfela? Saboda inji a sama yake, ana ganinsa ana jin ƙararsa, ita kuwa tana ƙarƙashin ruwa. Amma ita kaɗai ke mayar da ƙarfi ya zama tafiya.

Tun 1999 da mulkin farar hula ya dawo muke sauya shugabanni, kowane zaɓe mu ce an samu sabon inji. Farfelar fa? Ai mu ne: mai awon da ke tauye mudu, ma'aikacin da ke danne takarda sai an ba shi na goro, uban da bai san ajin ɗansa ba. Ko dai mu danƙara wa shugaba buƙatunmu har ya gaji, ko mu bar shi yana ta jawabi ba mu motsa ba.

Wani zai ce ai in babu inji farfela ƙarfe ce kawai. Gaskiya ne, ba mu wanke shugaba daga alhaki ba. Sai dai ruwa ba ya tambayar laifin wa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a Watari saboda lodin da ya wuce kima, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Abin da aka raina a bakin gaɓa shi ke cin rai a tsakiyar ruwa.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Kafin mu sake neman sabon inji, mu jawo jirgin kan tudu mu dubi abin da ke ƙasa. Allah Ya sa mu dace.